Darasi: Injin Wanke-wanke da Kayan Tsafta a Gidan Hayar Hutu

Tun zamanin da fatake ke kora jakai daga Kano zuwa Gwanja neman goro, mutanenmu sun san sana'ar saukar baƙi, sun kuma san fatoma, wanda ke tarbar ayari, ya ba su ɗaki da ruwa da itace, ya tsare musu kayansu, kuma in wani abu ya shige wa baƙo duhu sai ya leƙa zaure ya tambaye shi. Masaukin da za mu yi darasi a kansa yau ya sha bamban da wannan ta fuska guda mai girma, wato mai gidan ba ya nan. Baƙo kan zo da iyalinsa daga wata uwa duniya, a miƙa masa mabuɗi, ko ya tarar da shi cikin ɗan akwati mai lamba a jikin bango, ya zauna mako guda ko biyu yana girki da wanka da kwana, sa'an nan ya tafi, wataƙila bai taɓa haɗa ido da mai dukiyar ba. Tun da haka ne, duk abin da fatoma zai faɗa da bakinsa ko ya miƙa da hannunsa, tilas kayan da aka ajiye a gidan su ne za su wakilce shi.

Za mu ɗauki misalinmu daga Faransa, inda wannan al'ada ta kafu da daɗewa. A shekarar 1936, zamanin gwamnatin Léon Blum, aka kafa dokar da ta bai wa ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashinsu, aka yi ta ƙara shi har ya kai mako biyar a 1982. Saboda haka da zarar watan Yuli da na Agusta sun kama, sai birane su yi ta amayar da jama'a zuwa bakin teku da duwatsu da ƙauyuka. A daidai lokacin da mutanen birni ke neman inda za su sauka da 'ya'yansu ba tare da tsadar otal ba, ƙauyuka kuma sun cika da gidajen da masu su suka yi ƙaura suka bari, sai wani ɗan majalisar dattawa mai suna Émile Aubert ya ga hikimar haɗa buƙatun nan biyu, aka buɗe gidan haya na farko na irin wannan a yankin La Javie a 1951, kuma a 1955 aka kafa ƙungiyar da ake kira Gîtes de France. Ƙungiyar takan aiko mai duba gida, ta ba shi daraja da alamar zangarniyar alkama, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon kyansa da cikar kayansa. A zamanin nan kamfanoni irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, sun yaɗa sana'ar ta hanyar intanet har ta iso Abuja da Legas da Kano.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, a babin ciniki, sun rarrabe tsakanin ijara da kira'i, suka keɓe kalmar kira'i ga hayar gidaje da dabbobin hawa da jirage, suka kuma shardanta cewa amfanin da ake saya ya zama sananne, lada sananne, wa'adi sananne, domin jahilci a cikin ƙulla yarjejeniya shi ne ƙofar husuma. Sun kuma ɗauki ɗan haya a matsayin amintacce, wanda ba a ɗora masa lamunin abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin a kanta sauran darasin zai hau: in mai gida ya ajiye injin wanke-wanke bai ajiye abin da injin ke ci ba, bai kuma bayyana yadda ake sarrafa shi ba, har baƙo ya ɓata shi cikin rashin sani, to, a ganina, sakacin na mai gida ne, kuma bai kamata ya taɓa kuɗin jinginar da baƙon ya ajiye ba.

Yadda injin yake aiki

Wata mata Ba'amurkiya, Josephine Cochrane, mutuniyar garin Shelbyville a jihar Illinois, ita ce ta ƙera injin wanke-wanke na farko da ya karɓu a kasuwa. Abin da ya dame ta shi ne yadda tangaran ɗinta na gado ke ɓantarewa a wurin wanki, sai ta auna farantai da kofuna, ta sa aka yi musu ragar waya inda kowanne zai zauna daram, ruwan zafi mai sabulu yana feso su da ƙarfi. Ta sami takardar mallakar wannan fasaha a watan Disamba na 1886, ta nuna injin a babban bajekolin Chicago na 1893, inda otal-otal da gidajen abinci suka fara saye. A Turai kuwa kamfanin Miele na Jamus ya fitar da nasa mai aiki da lantarki a 1929, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu, da wadata ta ƙaru, injin ya shiga gidajen talakawa.

Har yau asalin aikin bai sauya ba. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofa a gaba, da kwanduna biyu ko uku na jera kaya, da hannuwan feshi masu ƙananan huji waɗanda ƙarfin ruwan da ke fita daga cikinsu ke juya su. Injin yakan ja ruwa kaɗan, ya ɗumama shi tsakanin digiri 50 zuwa 70, ya yi ta zagaya shi ta cikin matacin da ke ƙasan akwatin, ya zubar, ya ja sabo ya ɗauraye, kana zafin da ya rage a jikin kwanukan ya busar da su. Injin zamani yakan gama wanki guda da ruwan da bai wuce kimanin lita 10 ba, wato rabin jarka, alhali famfon da aka sake yana iya zubar da wannan adadin cikin minti biyu; wanda ya taso inda ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya fi kowa sanin girman wannan tattali, kuma addininmu ya hana israfi da ruwa ko da a bakin kogi ne.

Game da zaɓe, maganar a taƙaice take. Mai faɗin santimita 60 yana ɗaukar kayan cin mutum 12 zuwa 14, mai faɗin 45 kuwa na mutum 9 ko 10, kuma gidan da ke kwanar da mutum huɗu ko fiye ya fi dacewa da babba, domin tukwane da kwanon miya suna cin wuri fiye da yadda ake zato. A zaɓi mai maɓallai kaɗan masu saukin fahimta, tun da kowane mako sabon hannu ne zai taɓa shi. A zaɓi mai tiyon da ke yanke ruwa da kansa in ya fashe, domin gidan da ba kowa a ciki yana iya kwana uku yana shan ruwa kafin a farga. A kuma tabbata akwai makaniken da ya san irinsa a garin da ke kusa. Sa'an nan a ninka kayan ci: gidan mutum 6 a zuba masa faranti 12, kofi 12, cokali 12, don kada a zauna cin abincin rana a tarar da dukan farantai suna cikin inji.

Gishiri, sabulu da ruwan ɗauraya

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari a tsanake, domin da yawa daga cikin injinan da ke mutuwa tun ba su tsufa ba, a nan ajalinsu yake. Ruwan da ya ratso ta cikin duwatsun alli yakan narkar da sinadarin kalsiyam ya taho da shi, kuma idan aka ɗumama shi sai allin ya rabu da ruwan ya daskare, kamar farin ɓawon nan da ke kama gindin butar shayi. Faransawa suna auna wannan da ma'auninsu, inda digiri ɗaya ke nufin miligiram 10 na alli a cikin lita guda. Yankin Paris da arewacin ƙasar da duwatsun Jura ruwansu mai alli ne ƙwarai, yayin da Bretagne da tsaunukan tsakiyar ƙasar, waɗanda ƙasarsu ta baƙin dutse ce, ruwansu ke da laushi. Idan aka ƙyale allin nan, sai ya lulluɓe ƙarfen ɗumama ruwa ya hana shi aiki, ya toshe hujin feshi, ya bar gilasai da wani farin hazo wanda baƙo zai ɗauka ƙazanta ce.

Maganin da masu ƙira suka yi shi ne wata 'yar ma'ajiya a ƙasan injin cike da ƙananan ƙwayoyin roba kamar tsakiyar wuya, waɗanda ke kama kalsiyam daga ruwan da ke shigowa su sakar masa sodiyam a madadinsa. Amma ƙwayoyin sukan ƙoshi, kuma in sun ƙoshi ba su ƙara kama kome sai an wanke su da ruwan gishiri mai kauri, wanda ke korar allin ya mayar musu da ƙarfinsu. Wannan shi ne dalilin ramin gishiri mai murfi da ake gani a daɓen injin, wanda ke ɗaukar kimanin kilo guda. Gishirin na musamman ne, tsantsa, mai manyan ƙwayoyi. Na miya ba ya yi, domin ya cika laushi, ga shi an gauraya masa abin hana dunƙulewa. Ranar da aka kafa injin sai a tambayi hukumar ruwa ta yankin nauyin allin ruwansu a saita shi a kan haka, kuma duk lokacin da aka zuba gishiri a kunna wanki nan take, don kada wanda ya zube ya kwana a kan ƙarfe ya haifar da tsatsa. Cika wannan rami aikin mai gida ne ko mai aikinsa, domin baƙon mako guda ba shi da dalilin sanin akwai shi.

Sabulun injin kuma wani abu ne daban da duk sabulun da muka saba. Dunƙule ne kamar ƙwayar alewa babba, ba ya kumfa, yana ɗauke da sinadarai masu narkar da maiƙo, da wasu masu cin sitaci da ragowar nama da ƙwai, da mai fitar da tabon shayi. A da ana zuba masa fosfet da yawa, amma da aka ga yadda wannan ke haifar da gansakuka a koguna da tafkuna har kifi ya rasa iska, Tarayyar Turai ta taƙaita shi ƙwarai daga farkon 2017. Na uku shi ne ruwan ɗauraya, wanda ake zubawa a wani ɗan aljihu a jikin ƙofa, aikinsa ya sa ruwa ya zame daga jikin gilashi gaba ɗaya maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo ya bushe ya bar zane.

Na taɓa sauka tare da wasu abokan tafiya a wani gida irin wannan a kudancin Faransa, gida mai kyan gani, an ƙawata falonsa da tsofaffin kujeru, ga inji sabo ful a kicin, amma da aka buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba a sami kome ba sai kwalbar sabulun ruwa ta wankin hannu da wani soso da ya sha jiki. Daren Asabar ne, kantin ƙauyen ya rufe, gobe kuma Lahadi. Uwargidan ɗaya daga cikinmu, mace mai tsafta wadda ba ta yarda kwano ya kwana da datti, ta tsiyaya sabulun nan a aljihun injin bisa kyakkyawan zato, ta rufe ta kunna. Ba a yi minti goma ba sai ga kumfa tana fitowa ta ƙasan ƙofa, fara sol, tana malala a kan daɓen katako har ta kai ƙafar tebur. Muka kwashe sa'a guda muna tsane ta da tawul ɗin wanka, baiwar Allah nan kuwa kunya ta hana ta barci, tana ta lissafin abin da za a cire a kuɗin jingina, alhali dunƙulen sabulu 14 da takardar bayani mai layi biyar da sun wadatar. Tun daga ranar nake ganin cewa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ake gane mai gida, fiye da a falo.

Ga lissafin, don ɗalibi ya gwada da kansa. Iyalin da ke girki a gida sukan kunna inji sau biyu a yini, wato dunƙule 14 a mako. In gidan yana samun baƙi mako 10 a lokacin zafi, ana buƙatar 140. Waɗansu masu gida sukan ajiye uku ko huɗu kawai su ce baƙo ya sayi saura, suna tsoron kada a kwashe a tafi da su. Ban ga hikimar wannan ba, domin wanda aka tilasta wa saye zai sayo abin da ya ga dama, kuma kuɗin sabulun shekara bai kai na kiran makanike sau ɗaya ba. A ƙirga na mako a zuba a gwangwani mai murfi, a kulle saura a ɗakin ajiya.

Takardar bayani kuwa a rubuta ta da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Ingilishi aƙalla, a sa ta cikin leda a manna kusa da injin. A faɗa a ciki cewa a kankare ragowar abinci a kwandon shara ba sai an ɗauraye ba, a kifa kofuna da kwanuka, a juya tsinin wuƙa ƙasa, a duba kada hannun tukunya ya tokare hannun feshi. A faɗi abin da ba ya shiga: muciya da ludayin itace da katakon yanka sukan tsage, kaskon baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa, tukunyar gorar ruwa takan yi baƙi, tangaran mai bakin zinariya yakan koɗe. A kuma sanar da baƙo cewa shirin tattalin wuta yakan ɗauki sa'a uku ko fiye, domin yana rage zafi ya ƙara lokacin jiƙo, kada ya zaci injin ya lalace ya zare masa waya.

Kabad ɗin tsafta

A al'adar waɗannan gidaje Asabar ce ranar sauyi: masu tafiya su fita da ƙarfe 10 na safe, masu zuwa su shigo da ƙarfe 4 na yamma, kuma a cikin sa'o'i shidan nan ne mai aikin shara, wadda sau da yawa tana da gida biyu ko uku a wuyanta a ranar, za ta sauya zanen gado, ta wanke banɗaki, ta goge murhu da firji, ta share ta goge daɓe. Injin wanke-wanke babban mataimakinta ne, domin tana shiga za ta zuba masa kofuna da cokula, har waɗanda aka ce an wanke, ta kunna mai zafi ta kama wani aiki. Kafin haka sai ta murɗe matacin ta ɗaga shi sama ta duba. A nan za ta ga ƙwayar shinkafa da ta kumbura, da ƙwallon zaitun, da takardar jikin kwalba da ta narke, wani lokaci har da tsinken fasasshen gilashi, saboda haka ba a sa hannu a wurin sai da safar roba. Ta wanke shi a famfo da tsohon buroshi, ta tsokace hujin feshi da tsinke, ta goge robar bakin ƙofa inda maiƙo ke maƙalewa ya yi wari.

Kayan tsafta kashi biyu ne, na baƙo da na mai aiki, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne. Na baƙo su ne na yau da kullum: sabon soso da ba a taɓa amfani da shi ba, sabulun wankin hannu, tawul ɗin goge kwano, ledar shara, tsintsiya da abin kwasa, bokiti da mofa, injin zuƙar ƙura, buroshin masai a kowane banɗaki, da bayanin ranar kwasar shara da yadda ake ware ta, tun da a Faransa kwali da roba suna da kwandonsu mai murfi ruwan ɗorawa, kwalabe kuma ana kai su wata babbar ma'ajiya a bakin titi. Mai gidan da ke fatan baƙi Musulmi ya ƙara da buta a banɗaki. Kuɗinta ƙalilan ne, amma matafiyin da ya tarar da ita zai san an tuna da shi. A wajen tsumma, masu sana'ar shara a Ingila suna da tsari mai kyau da ya cancanci koyi, inda ja na banɗaki ne, kore na kicin, shuɗi na sauran ɗakuna, ta yadda tsumman da ya taɓa najasa ba zai taɓa hawa teburin abinci ba.

Masu ƙarfi kuwa a kulle su. Ruwan bilic, wanda Faransawa da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira javel, da sunan wata unguwa a gefen Paris inda aka fara sarrafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma idan ya haɗu da ruwan khal ko maganin cire alli na masai sai ya fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, idan kuma ya haɗu da mai amoniya ya fitar da wata gubar. Don haka ba a gauraya shi da kome sai ruwan sanyi, ba a kuma juye shi a gorar ruwan sha. Gidajen ƙauye da yawa ba su haɗe da magudanar gari, ramin masai suke da shi wanda wasu ƙananan halittu ke narkar da abin da ke cikinsa, kuma yawan zuba bilic yana kashe su. Ruwan khal yana cire alli a jikin famfo, amma yana cin dutsen marmara ya dusashe shi har abada. Shi kansa dunƙulen sabulun inji, da yake ya yi kama da alewa kuma yana ƙona baki da maƙogwaro, a ɗora shi sama inda hannun yaro ba ya kai, a rubuta lambar gaggawa ta 112 a jikin takardar bayani.

Wanda ke da niyyar yin wannan sana'a a garuruwanmu ya auna halin wurinsa kafin ya sayi inji, domin yana jan wuta kimanin wat 2000 sa'ad da yake ɗumama ruwa, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin janareta, yana kuma son ruwa mai matsi, ga shi ƙanzon tukunyar tuwo sai an jiƙa an kankare da hannu. Inda wuta da ruwa ba su tsaya ba, wurin wanke-wanke mai kwano biyu da ragar tsane kaya sun fi injin da zai zama kabad.

Idan kaka ta yi a ƙasar Faransa, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka zo rufe gida har bazara, sai a kunna injin ba kome a cikinsa da maganin cire alli a kan mafi zafin shiri, a wanke mataci a shanya, a rufe famfon da ke ba shi ruwa, a tsiyaye tiyo don kada ruwan ciki ya daskare da sanyin hunturu ya fasa shi, a zare waya daga bango. A kwashe sauran dunƙulen sabulu a sa a mazubi mai toshe iska, domin danshi yana narkar da su su manne da juna. Ƙofar injin kuwa ba a datse ta. Akan naɗe ɗan tsumma a saƙala a bakinta, ta zauna a buɗe kamar faɗin yatsa biyu, iska tana shiga har ranar da za a dawo.